Mai gidan hayarmu ya rasu, ɗansa ya kawo takardar yarjejeniya: in sa hannu?

Baƙon Kubwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga lauyoyi da masu gidajen haya da ke cikinmu.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Abuja. Tun 2022 nake haya a Kubwa, wajen Byazhin, filat mai ɗaki biyu da falo a gida mai filat huɗu. Mai gidan dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kowa Baba yake ce masa. Da zan shiga ba mu rubuta komai ba. Dillali ya kai ni, na biya kuɗin shekara da la'adarsa, Baba ya ce in riƙe masa gida da amana, aka shafa fatiha. Duk watan Maris nake tura masa kuɗin shekara ta banki, shi kuma ya yago mini rasit daga irin ɗan littafin nan da ake sayarwa a shago. Na ƙarshe da na biya naira miliyan 1.2 ne.

Da bazarar da ta wuce sumon bohol, wato injin da ke jawo ruwa, ya ƙone, sokawe kuma ya cika har ya fara tumbatsa ta bayan tagar yarana. Lokacin Baba yana kwance. Ya ce in gyara, in lokacin haya ya zo in cire kuɗina. Naira 280,000 na kashe, sauran 'yan hayan ko sisi ba su sa ba. Bayan Babbar Sallah Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

Yanzu babban ɗansa, wanda ke aiki a Fatakwal, ya zo da takarda daga wajen lauyansa, ya ce kowa ya sa hannu kafin ƙarshen Fabrairu. Na zauna na karanta ta tas. Haya ta koma miliyan 1.8. An rubuta shekara ɗaya ce cif, daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, in ta ƙare sai sabon ciniki. Notis wata ɗaya. Duk wani gyara a wuyan ɗan haya yake, har rufi da bohol da sokawe. Zan biya kashi 10 na lauya, in kuma ajiye 150,000 saboda ɓarna. In kuɗi ya yi lattin kwana 7, mai gida na da ikon canja makulli. Sannan baƙo ba zai wuce mako biyu ba sai da izini, ni kuwa mahaifiyata takan zo daga Gusau ganin likita ta yi wata biyu a wurina.

Da na tayar da maganar 280,000 sai ya ce shi bai san da ita ba. Ba da faɗa ya faɗa ba, mutumin yana da ladabi, amma dai ya ce bai sani ba. Ga wata kuma: amaryar Baba, wadda ke zaune a sashen baya, ta aiko yaro wai kada in kuskura in ba kowa kuɗi sai ita, don ba a raba gado ba.

To in sa hannu? Tunda ba ni da takarda, zai iya fitar da ni ranar 1 ga Maris? Kuma wa zan ba kuɗin?

Tsohon Dillali:

Wa alaikumus salam. Malam, ni na yi dillancin gidaje daga Kubwa har Dutsen Alhaji, bari in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Kuɗin da yaron ya yanka bai yi nisa da kasuwa ba. Baba ne ya yi maka sauƙi, irin na dattawan da suka fi son ɗan haya mai hankali a kan kuɗi. In ka fita yau, sabon gida zai ci maka kuɗin shekara, da la'ada kashi 10, da na lauya kashi 10, da na ajiya, da motar kaya, da fenti. Lissafa ka gani.

Takardar kuma kada ta tsorata ka. Irin ta guda ce ke yawo a kwamfutocin ofisoshi, suna da adireshi kawai ake canjawa. Mai yiwuwa shi kansa yaron bai karanta rabinta ba. An rubuta ta da tsauri ne don a yi ciniki. Ka samu wani dattijo da yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko abokin Baba, ku zauna. Miliyan 1.5 za ta iya tsayawa. In abin ya gagara, Mararaba da Masaka suna nan da sauƙi, sai dai cunkoson hanyar Nyanya zai karɓi ragowar a jikinka.

Barista A.:

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka sa hannu a yadda take. Ban ce kada ka sa hannu a kowace takarda ba, rubutu kai ma zai amfane ka, amma ka fara sanin abin da ke hannunka kafin ka bayar da shi.

Rashin takarda ba rashin yarjejeniya ba ne. Tunda duk shekara kake biya ana karɓa, ga rasit ga shaidar banki, a wurin doka kai ɗan hayar shekara-shekara ne. Dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ta tsara notis ga waɗanda ba su yi wani sharaɗi a tsakaninsu ba: mai biyan mako-mako a ba shi mako ɗaya, mai biyan wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku a ba shi wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida. In notis ɗin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wani na kwana 7 cewa za a je kotu. Kotu ce za ta yi umarni, ma'aikatanta ne za su fitar da kaya. Saboda haka ba wanda zai fitar da kai ranar 1 ga Maris. Rasuwar Baba ma ba ta kashe hayarka ba, magada sun gaji gidan ne da kai a ciki.

Yanzu duba abin da takardar ke yi maka. Kowa idonsa zai tafi kan miliyan 1.8, amma sakin layin da ya fi komai nauyi shi ne mai cewa shekara ɗaya cif. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa, da kanta take mutuwa in ranar ta zo. Ba a buƙatar notis na wata shida, na kwana 7 kawai za a ba ka a wuce kotu. Haka maganar wata ɗaya: wata shidan doka na wanda bai rubuta wani abu daban ba ne, in kun rubuta wata ɗaya kuka sa hannu, da shi kotu za ta yi aiki. Wato da alƙalaminka za ka mayar da wata shida wata ɗaya, a garin da neman gida mai ruwa kaɗai kan ci mutum wata biyu. In sun nace sai an yanka wa'adi, a ƙara cewa kana da damar sabuntawa, kuma duk wanda ba ya son a ci gaba, ko yake son canja kuɗi, ya sanar da ɗaya a rubuce wata shida kafin ƙarewa. In an matsa, uku. Kada ka sauka ƙasa da haka.

Canja makulli, cire ƙofa, yaye kwano, yanke ruwa ko wuta don a kori ɗan haya, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma kotu kan sa mai gida biyan diyya a kansu. Rubuta shi a takarda bai halatta shi ba. Duk da haka a soke shi, don mai gidan da ya ga an sa masa hannu a kai zai ɗauka yana da iko, kafin kotu ta gyara masa zama iyalinka sun kwana a waje.

Ƙarin kuɗi tayi ne, ba umarni ba. Ba zai ɗora maka shi ba sai ka amince. Amma in ka ƙi, shi ma yana da damar ba ka notis ɗinka cikakke ya karɓi gidansa. Lokaci doka ta ba ka, ba gidan ba. Kuma kada ka dogara da cewa lauyan ɗan haya zai yi ta ja da kurakuran notis shekara da shekaru yadda aka saba. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna ba za ta bari a fake da ɗan kuskuren notis a ci gaba da zama a gidan mutane ba. Duk kwanan da ka ƙara bayan hayarka ta ƙare ma sai ka biya kuɗinsa.

Gyara: abin da aka saba shi ne jikin gini na mai gida ne, rufi, katanga, bohol, sokawe, manyan bututu. Abin da hannunka ya ɓata ko ƙananan abubuwa irin kan famfo da ƙwan fitila da makulli naka ne. Tsufan da fenti ko tayil ke yi don zama kawai ba ɓarna ba ne, a rubuta haka ƙarara, in ba haka ba 150,000 ɗinka ta tafi. Kuɗin lauya kuwa, dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce wanda ya ɗauko ƙwararre shi ke biyansa. A Abuja al'ada ta ɗora wa ɗan haya, amma kai ba sabon shiga ba ne, kuma ba kai ka kira lauyan ba. Abin ciniki ne.

Wa za ka ba kuɗi? Kada ka ba ɗan a asusunsa don kawai shi ne babba, kada ka ba amarya don kawai ita ce a gidan. In ka ba wanda ba shi da hurumi, sauran za su iya dawo maka. Ka nemi takarda ɗaya daga cikin biyu: ta kotu da ke nuna wanda aka damƙa wa kula da dukiyar mamaci, ko wasiƙar da magada suka sa wa hannu suka ambaci mutum ɗaya da lambar asusu ɗaya. Kafin ta samu, ka rubuta musu duka biyun cewa kuɗinka a shirye yake, ka ajiye kwafi. Kada a wayi gari a ce kai ne ka ƙi biya.

Maganar 280,000: me kake da shi a hannu banda bakinka?

Hajiya Mai Gidaje (Kano):

Barista ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ku bari mu ma a ji namu, don duk inda aka taru mai gida ne azzalumi.

Maigidana ya rasu ya bar mini gidaje biyu a Naibawa da yara. Da kuɗin hayar nan nake biyan makaranta. Shi ma irin Babanku ne, ba ya rubutu, sai fatiha. Bayan rasuwarsa kowane ɗan haya ya zo mini da labarin alkawarin da Alhaji ya yi masa. Wannan ya ce an yafe masa wata uku, wancan ya ce shi ya sa tankin ruwa. Wanda ke ƙasa ba ya tashi ya ce ƙarya ne. Wani ya tashi cikin dare ya bar mini bashin wuta a mita, sabon da ya shiga duk katin da ya saya sai a zaftare. Wani na ba shi gida shi da matarsa, kafin shekara mutum goma sha ne a ciki, sokawe kuwa ba ya jure haka. Daga nan ne irin sharaɗin baƙon nan yake fitowa, ba don a hana mutum riƙe uwarsa ba.

Saboda haka ɗana, kada ka ga yaron nan a matsayin maƙiyi. Uba ya mutu ya bar masa mata biyu da ƙanne, kowa na kallon hannunsa, shi kuma yana can Fatakwal. In ya ce bai san da 280,000 ba, ƙila da gaske bai sani ba. Ka je masa da hujja cikin mutunci. Batun Hajiyarka ka faɗa masa kai tsaye a rubuta iyaye ba sa cikin baƙi, ban ga ɗan Musulmin da zai ce a'a ba.

Ni yanzu tawa takardar shafi ɗaya ce, da Hausa, mai unguwa da mutum biyu suna shaida. Ranar shiga muna zagaya gidan tare ana ɗaukar hoto a waya. Amma gaskiya ƙarin dubu 600 a tashi ɗaya ya yi yawa, ko ni ba zan yi wa wanda ya gyara mini bohol haka ba.

Baƙon Kubwa:

Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya raya marayu. Barista, ranka ya daɗe, ina da shaidar tura kuɗi ga mai sayar da sumo a Dei-Dei da ta masu motar kwasar sokawe. Sannan Baba ba ya iya rubutu a waya, murya yake turowa a WhatsApp. Na koma na duba, saƙon yana nan, da bakinsa yana cewa in gyara mu yi lissafi a kuɗin haya. Bai ambaci adadi ba dai. Maƙwabcina na filat ɗin sama ma yana tsaye aka sauke sumon.

Almajirin Zariya:

Malam, tunda magadan Musulmi ne, akwai ƙofar da ta fi ta kotu kusa. Abin da ka kashe da izinin Baba bashi ne a kansa, bashi kuwa ana fitar da shi kafin a raba gado. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Ka gaya wa ɗan da amaryar haka da taushin murya: ba kuɗinsu kake nema ba, nauyi kake so a sauke wa mahaifinsu. Ɗan kirki in ya ji muryar ubansa a waya tana faɗin haka ba zai tsaya jayayya ba. In ma an kai ga alƙali, a Malikiyya shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa na tabbatar da haƙƙin dukiya.

A fiƙihu sharaɗin haya shi ne a san wa'adi a san kuɗi, haka yake a Risala. Kuma a wurin Malikiyya mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware hayar da aka ƙulla, Hanafiyya ne suka saɓa. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. To ɗora masa rufin da ruwa ya ci shekara ashirin ba adalci ba ne.

Abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu shi ne ganin rubutu kamar rashin yarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sai dai in ka sa hannu ka ɗaure kanka, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kada ka sa da niyyar in rigima ta zo lauya zai kwance ka.

Ɗan Maraɗi:

Ikon Allah. Mu nan wata-wata muke biyan haya, sai dai in za ka shiga ka ba da abans da kosiyon, wato kuɗin gaba da na ajiya, na 'yan watanni. Ma'aikacin da ake biya albashi wata-wata ina zai samo kuɗin shekara dunƙule?

Tsohon Dillali:

Adashi da bashin ofis, ɗan'uwa. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin a koma biyan wata-wata a Abuja, aka yi ta muhawara a majalisa, har yau shekara muke karɓa. Wasu ma biyu suke nema.

Barista A.:

Madalla, hujjarka ta fi ta mutane da yawa. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta in an cika sharuɗɗanta. Kada ka goge saƙon, kada ka sayar da wayar, ka tura kwafinsa wani wuri yau ɗin nan. Rashin ambaton adadi ba matsala ba ce, shaidar banki za ta cike. Amma kada ka cire kuɗin da kanka ka tura ragowa, za a ce ka biya haya ba cikakkiya ba. A rubuta a cikin yarjejeniyar cewa magada sun amince da 280,000 kuma an cire ta daga kuɗin bana.

Ka haɗa kai da sauran 'yan hayan uku, ku ɗauki lauya ɗaya ya duba muku takardar ku raba kuɗinsa. Lauyan da ya rubuta ta na mai gida ne ko da kai ka biya shi. In zaman dattawa bai yi ba, Babbar Kotun Abuja tana da sashen sulhu, ba sai an kai ga shari'a ba.

Wani dalilin da zai sa ka so takarda da rasit na gaskiya: sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, iyakarsa naira 500,000. Ba kuɗi za a ba ka a hannu ba, za a cire shi ne daga abin da ake lissafa maka haraji a kai. In kun tsaya a miliyan 1.5, dubu 300 ke nan. Ka tambayi ofishin albashinku abin da suke buƙata.

Baƙon Kubwa:

Na yi magana da liman, ya ce zai kira ɗan da amaryar ranar Asabar bayan la'asar, kuma ƙanin Baba zai zo daga Suleja. Biyu daga cikin maƙwabtan sun yarda mu haɗa kuɗin lauya, na ukun ya riga ya sa hannu tun makon jiya. Barista, tambaya ta ƙarshe: mitarmu ɗaya ce da sashen amarya, tun zamanin Baba ni nake sa kati ita tana ba ni abin da ya sauƙaƙa. Shi ma a sa a takarda?

Barista A.:

A sa. Lambar mitar, da bashin da ke kanta a ranar sa hannu in akwai, da kason da kowane sashe zai riƙa biya. Wutar sumo kuma a raba ta kan duk masu shan ruwan, har da sashen baya. Ka tafi zaman da kwafi uku na gyararriyar takardar, kowane shafi a sa masa hannu, ba na ƙarshe kaɗai ba.